Daskarar da bakin jijiya don gyara bugun zuciya: me ya sa aikin yake sauƙi ga wani, ya ba likita wuya ga wani?

Duk mai kai mahaifi ko mahaifiya wajen likitan zuciya a Abuja, a Asibitin Ƙasa ne, ko na koyarwa da ke Gwagwalada, ko masu zaman kansu na Garki da Maitama, ya san wata magana da ta fara yawo a bencin jira. Wai yanzu akwai aikin da ake yi wa mai rikicewar bugun zuciya, ba yanka ba ɗinki: a zura siririn bututu ta matsematsi, a daskarar da wurin da ke haddasa matsalar, bayan kwana ɗaya ko biyu mutum ya kama gabansa. Da yake wuraren da ake wannan aiki a ƙasar nan ba su da yawa, masu hali sukan nufi Indiya ko Masar ko Turai. Aikin gaskiya ne, kuma yana amfani. Abin da ba a cika faɗa wa majinyaci ba shi ne, na'urar da ake daskarewar da ita siffarta ɗaya ce tak, zagayayya, su kuwa jijiyoyin da ake son a toshe da ita kowa da irin nasa. Yawancin abin da ke sa aiki ya tafi sumul ko ya ja lokaci, daga wannan saɓani yake fitowa.

Bari mu fara da ciwon kansa. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. Kowane bugu yana tasowa ne daga wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama, wanda ke fitar da saƙon lantarki sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. A ciwon da likitoci ke taƙaitawa da AF, ɗakunan saman sun daina sauraron wannan gurbi. Saƙonni barkatai ne ke kai-komo a bangonsu, sau 300 zuwa 600 a minti, sai ɗakunan su koma makyarkyata maimakon matsa jini yadda ya kamata. Ɗakunan ƙasa suna amsa wasu saƙonnin suna barin wasu, shi ya sa idan ka taɓa jijiyar hannun mai ciwon za ka ji bugun ba shi da tsari ko kaɗan. Wani zai ce faɗuwar gaba ke damunsa, wani haki, wani jiri da kasala, wani kuma bai ji komai ba sai gwajin ECG mai auna lantarkin zuciya ya tona. Babban haɗarin ba a faɗuwar gaban yake ba. Jini yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu, ya dunƙule ya zama guda, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Mai AF ya fi wanda ba shi da shi haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar.

An daɗe ana maganin wannan ciwo da ƙwayoyi kawai, ko da babbar tiyata ta buɗe ƙirji. Sai a 1998 wani likita a Bordo ta ƙasar Faransa, Michel Haïssaguerre, da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gano a majinyata 45. Sun bi sawun tartsatsin da ke kunna AF, suka samu wurare 69, kuma 65 daga ciki, wato kashi 94 cikin 100, ba a cikin zuciyar suke ba, suna cikin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu. Dalili kuwa, naman zuciya ba ya tsayawa cak a inda ɗakin ya ƙare, yakan miƙa ya lulluɓe farkon kowace jijiya, santimita ɗaya zuwa uku, kuma ya fi tsawo a jijiyoyin sama. Wannan ɗan nama ne yake harba saƙon da ba a aike shi ba. Daga nan dabarar ta fito: tunda ba za a cire jijiyoyin ba, sai a yi wa bakin kowace zoben tabo. Jini yana wucewa abinsa, lantarki kuwa ba ya ratsa tabo.

Hanyar farko ta yin zoben da zafi ce. Likita yana ɗora kan bututu yana ƙona ɗigo-ɗigo har ya zagayo, aikin da ke son hannu da haƙuri. Hanya ta biyu ita ce ta sanyi. Wani kamfani a Kanada mai suna CryoCath ya ƙera balan-balan da ake kira Arctic Front, kamfanin Medtronic ya sayi CryoCath a 2008, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da balan-balan ɗin a ƙarshen 2010. Girmansa iri biyu ne, mai faɗin milimita 23 da mai 28, kuma na 28 ɗin aka fi amfani da shi.

Ga yadda ake yi. Ana shiga ta babbar jijiyar matsematsi, a bi ta har ɗakin sama na dama. Jijiyoyin huhu a ɗakin hagu suke, don haka sai an huda bangon da ya raba ɗakunan biyu a inda ya fi siranta, a wuce. Sai a hura balan-balan a cikin ɗakin, a tura shi ya zauna daram a bakin jijiya. Kafin a kunna sanyi, likita yana fesa wani ruwa da ke fitowa baƙi a hoton eksire ta tsinin balan-balan ɗin, ya zuba wa allo ido. Idan ruwan ya tsaya cikin jijiyar ya ƙi dawowa, an toshe ke nan. Idan aka ga wani siririn baƙi yana sulalowa ta gefen ƙasa yana komawa cikin ɗakin, to akwai kafa, sai a sake zama. Bayan an gamsu sai a saki iskar naitros oksaid cikin balan-balan, ta tashi daga ruwa zuwa iska ta zuƙe zafin wurin. Ma'auni yakan sauka zuwa digiri 40 ko 50 ƙasa da sifili, a bar shi minti uku zuwa huɗu. A wannan lokaci balan-balan yana manne wa nama, ba a motsa shi sai ya narke. Akwai kuma wata 'yar waya mai zobe da ake turawa cikin jijiyar tana nuna saƙon lantarkin a allo. Idan saƙon ya ɗauke cikin minti ɗaya da fara sanyi, alama ce mai kyau cewa tabon zai ɗore.

Me ya sa 'yar kafa take da muhimmanci haka? Saboda jinin da ke bi ta wurin yana kan digiri 37, kuma ba ya tsayawa. Duk inda yake gudu, naman wurin ba zai daskare har ciki ba. Zai suma ne kawai. A ranar aiki allo zai nuna saƙo ya ɗauke, kowa ya yi murna, bayan wata biyu ko uku naman ya farfaɗo, lantarki ya samu hanya, faɗuwar gaba ta dawo. Lamarin kamar murfi ne da tukunya: murfin lafiyarsa ƙalau, amma idan bakin tukunyar ya lotse, ko ya fi murfin faɗi, tururi zai samu ta inda zai fita.

To, me ke sa bakin jijiyar wani ya bambanta da na wani? Tun a ciki abin yake farawa. A farkon halittar jariri jijiya ɗaya ce ke haɗa huhu da zuciya, tana da rassa. Yayin da ɗakin sama na hagu yake girma, sai ya riƙa haɗiye gindin wannan jijiya yana mai da shi bangonsa, har ya kai inda ta rabu biyu, ya wuce zuwa inda kowane reshe ya sake rabuwa biyu. A nan yakan tsaya ga yawancin mutane, sai a samu baki huɗu: sama da ƙasa a hagu, sama da ƙasa a dama. Kusan mutum 7 cikin 10 haka suke. Ga sauran, haɗiyar takan gaza ko ta zarce. Idan ta gaza, jijiyoyi biyu sukan haɗe su shigo ta baki ɗaya mai faɗi, kuma a hagu aka fi ganin haka. Idan ta zarce, sai a samu ƙarin baki, wanda aka fi gani a dama, wata 'yar jijiya ta uku da ke kwaso jini daga tsakiyar huhun dama. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake ciwo. Mutum zai rayu shekara 80 da jijiya uku ko biyar bai sani ba. Sai ranar da aka zo da balan-balan ne abin yake zama magana.

Baki ɗaya na hagu shi ya fi jawo muhawara. Jijiyar da aka saba gani faɗin bakinta yakan kama daga milimita 15 zuwa 25, ƙasa da balan-balan na 28, shi ya sa yake zama a ƙofa bai shige ba. Haɗaɗɗen baki kuwa yana iya kai milimita 30 ko fiye. Idan wuyansa gajere ne, likita yakan ɗauke su kamar jijiya biyu, ya daskarar da ta sama sannan ta ƙasa. Idan dogo ne mai faɗi, balan-balan zai faɗa ciki ne bai toshe komai ba, sai a koma daskarewa gefe-gefe: a jingina shi da bangon sama a yi sanyi, a sauko da shi bangon ƙasa a sake, a tabbatar tabon biyu sun haɗu. Kun ga an bar amfanin farko na balan-balan, wato harbi ɗaya zobe ɗaya. Binciken da aka yi da samfurin balan-balan na farko wasu sun nuna masu wannan siffa ciwon ya fi dawo musu, na baya-bayan nan da dama sun nuna bambancin bai taka kara ya karya ba. Akwai dalili. Na farkon, sanyinsa a ɗamara yake taruwa, a tsakiyar balan-balan, don haka sai ya zauna saitin jijiya sosai. Wanda ya fito a 2012 an ƙara masa kafofin fesa iska daga huɗu zuwa takwas, rabinsa na gaba gaba ɗaya yake yin ƙanƙara, ko ya ɗan karkace yana kama nama. Daga baya kamfanin Boston Scientific ya fito da nasa, POLARx, wanda wani samfurinsa ake iya ƙara masa faɗi daga 28 zuwa 31 ana cikin aiki.

Sai siffar bakin. Jijiyoyin dama sun fi kusa da zagaye, na hagu sun fi matsewa su yi tsawo ta gefe ɗaya. Iyakar yadda baki ya matse, iyakar yadda abu zagayayye ke barin kafa a kusurwa biyu. Ta sama ta hagu tana da ƙarin matsala: tsakaninta da aljihun nan da jini ke kwanciya akwai wani tudun nama, a wani mutum mai faɗi, a wani siriri mai kaifi. Idan siriri ne, balan-balan yakan zame daga kansa. Kuma idan ta sama da ta ƙasa sun yi kusa da juna ƙwarai, naman da ke tsakaninsu yakan riƙa kai saƙo daga wannan zuwa waccan, ta yadda ta sama ba za ta yi shiru ba sai an gama da ta ƙasa.

Wadda ta fi ba likitoci wuya ita ce ta ƙasa ta dama, kuma ba don girmanta ba, don inda ta fuskanta. Hudar da aka shigo ta cikinta tana dab da ita, jijiyar kuma ta kalli baya da ƙasa. Wato bututun da ya shigo yana fuskantar hagu sai ya lanƙwaso ya juyo kusan inda ya fito. Tura shi da ƙarfi a wannan lanƙwasa ba ya kai ƙarfin inda ake so, gefen ƙasa ya fi zama a buɗe. Ƙwararru suna da dabarunsu: a yi hudar ƙasa-ƙasa tun farko don a samu filin juyawa, ko a fara sanyi da gefen sama a manne, bayan ya kama sai a ɗan janyo balan-balan ƙasa ya rufe kafar. A nan ne ake gane wanda ya yi aikin sau ɗaruruwa da wanda ya fara bara. Ita kuwa 'yar jijiya ta uku, sau da yawa tabon maƙwabtanta yakan haɗa da ita, in bai haɗa ba a ba ta nata sanyin.

Ba kafa ce kaɗai abin tsoro ba, akwai maƙwabta. Jijiyar da ke kai umarni ga tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, tana saukowa ne dab da jijiyar huhu ta sama ta dama. Idan bakin wannan jijiya yana da faɗi, ko ya yi siffar mazurari, balan-balan yakan nutsa ciki fiye da yadda ake so, ya matso kusa da jijiyar numfashin, sanyi ya kama ta. Ƙaramin balan-balan na 23 ya fi yin haka, yana cikin dalilan da suka sa aka fi son na 28. A gwajin STOP AF, wanda a kansa Amurka ta amince da na'urar, kusan kashi 11 cikin 100 na ayyukan sun taɓa jijiyar numfashin, ko da yake yawancinsu sun warware cikin shekara. Shi ya sa idan aka zo ɓangaren dama za ka ga abin da zai ba ka mamaki a ɗakin da ke cike da na'urori: an sa wata waya tana zungurar jijiyar numfashin da lantarki, cikin majinyaci yana zillo kamar mai shaƙuwa, ma'aikaciyar jinya ko likita ya ɗora tafin hannu a ƙasan haƙarƙarin dama yana jin kowane zillo. Da zarar ya ji ya yi rauni, sai ya yi magana, a take a kashe sanyin a sace balan-balan. Daƙiƙa kaɗan ne tsakanin raunin da zai warke kafin a bar ɗakin da wanda zai sa mutum haki na watanni.

Ta baya kuma hanyar abinci ce ke bi a jikin bangon ɗakin, kusa da jijiyoyin ƙasa, musamman ta hagu. Raunin da ke haɗa ta da zuciya ba kasafai ake samunsa ba, amma yana kisa. Don haka ba a barin ma'auni ya zarce kusan digiri 60 ƙasa da sifili, wasu kuma suna sa ma'aunin zafi a hanyar abincin. Wanda aka yi wa aikin, in ya ga zazzaɓi da ciwon ƙirji ko wahalar haɗiya cikin makonnin farko, kada ya tsaya shan maganin maleriya a gida, ya koma asibiti ya faɗi aikin da aka yi masa.

Idan aka haɗa duka, ina aka kwana? A 2016 an wallafa gwajin FIRE AND ICE da aka yi a Turai da mutum 762, aka raba su tsakanin zafi da sanyi. A shekara ɗaya, waɗanda aikin bai riƙe ba kashi 34.6 ne a ɓangaren sanyi, 35.9 a ɓangaren zafi, wato kunnen doki. Sanyi ya fi sauri, minti 124 a kan 141, amma raunin jijiyar numfashi a ranar sallama kashi 2.7 ne a sanyi, babu ko ɗaya a zafi. Gwajin EARLY-AF na Kanada kuma, mai mutum 303, ya kwatanta balan-balan da ƙwayoyi a matsayin matakin farko: ciwon ya dawo wa kashi 42.9 na masu balan-balan, da 67.8 na masu ƙwaya. A lura da wannan lamba ta farko. Ko a hannun ƙwararru, ba kowa ke rabuwa da ciwon a aiki ɗaya ba, kuma duk dillalin asibitin waje da ya ce maka an gama har abada, ciniki yake yi.

A ganina, siffar jijiya tana ƙara wa aiki wuya fiye da yadda take hana shi. Mai haɗaɗɗen baki ko ƙarin jijiya ba a rufe masa ƙofa ba, yana bukatar likitan da ya san siffar tun kafin ya hura balan-balan, kuma yake da bututun zafi a kusa in wata kafa ta ƙi rufuwa. Wasu cibiyoyin suna ɗaukar hoton CT ko MRI kafin aiki, wasu suna wadatuwa da ruwan hoto ko na'urar eko, mai ɗaukar hoto da sauti, ta cikin zuciya a ranar. Duka ana yi, kuma mai ciwon ƙoda dole a yi taka-tsantsan da ruwan hoton. Amma wanda zai sayar da fili a Lugbe ko Kubwa ya kai mahaifinsa wata ƙasa, bai yi laifi ba in ya ce: “Likita, ranka ya daɗe, an duba yadda jijiyoyin Baba suke? In aka tarar balan-balan bai zauna ba, me za a yi? Sau nawa kuke yin wannan aiki a shekara?” Likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da Turawan da aka yi waɗannan gwaje-gwaje a kansu. Yawancinsu masu AF ne mai zuwa yana tafiya, zuciyarsu ba ta lalace ba. Namu majinyatan sau da yawa sun zo a makare: hawan jinin da aka shekara ana wasa da shi, ko ƙyauren zuciya da ya ƙanƙance sakamakon ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba, ko raunin zuciya bayan haihuwa, wanda Arewacin Nijeriya na cikin inda ya fi yawa a duniya. Waɗannan duka suna buɗa ɗakin sama na hagu, su cika bangonsa da tabo. Idan ɗakin ya buɗe, bakin jijiyoyin ma yakan buɗe, kuma mafi muni, tartsatsin ba a jijiyoyin kaɗai yake tasowa ba, bangon kansa ya zama matattara. A irin wannan hali ko an yi zobe huɗu cif-cif, ciwon yana iya ci gaba. Shi ya sa gwajin eko, wanda ake yi a nan Abuja ba sai an hau jirgi ba, ya fi CT gaya maka ko tafiyar za ta biya kuɗinta. Mai ƙyauren da ya ƙanƙance sosai, gyaran ƙyauren ne a gaba, kuma warfarin ne maganin tsinka jininsa.

Wata sabuwar hanya ta shigo, wadda ba zafi ba sanyi, ana harba lantarki mai ƙarfi na ɗan ƙiftawa da ke kashe naman zuciya ya fi barin jijiyar numfashi da hanyar abinci. Amurka ta amince da na'urorinta na farko a ƙarshen 2023 da farkon 2024, kuma cibiyoyi da yawa sun karkata gare ta. Ita ma sai ta taɓa nama take aiki, don haka siffar baki ba ta daina zama magana ba, sai dai ba ta bukatar a toshe jini.

Bayan an dawo gida, makonnin farko har zuwa kusan wata uku faɗuwar gaba tana iya kai-komo saboda kumburin wurin da aka daskarar, wannan ba ya nufin aikin ya ɓaci. Maganin tsinka jini ba a ajiye shi aƙalla wata biyu, bayan nan kuma ba jin daɗin bugu ke yanke hukunci ba, shekaru ne da hawan jini da ciwon suga da tarihin shanyewar jiki. Kafin a baro asibitin da aka yi aikin, a karɓi cikakken rahoto: jijiya nawa aka tarar, wace ce ta ba da wuya, wane girman balan-balan aka sa, sanyi nawa kowace ta sha. Likitan da zai ci gaba da duba mutum a Abuja da wannan takarda zai yi aiki, kuma in aka zo sake shiga karo na biyu, ita za ta nuna inda za a fara neman kafar.